Layin da Inna Take Kira

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Longsight, wata unguwa a Manchester, muna tsaye a shagon mahauci muna jiran nama, sai ɗaya daga cikin ɗaliban nan da suke zuwa karatu daga gida ya tambaye ni wane aiki na yi a ƙasar nan. Na ce masa ni mai haɗa kwamfuta da layin waya ne, na yi shekaru ina zaɓar wa mutane manhajar da za ta buga waya ta modem, ta tura musu fayil. Ya kwashe da dariya, abokansa suka taya shi. Ya ce, "Haba Kawu, wannan ai ba aiki ba ne, click and send ne kawai." Na ƙyale shi saboda idon mutane, amma raina ya ɓaci, har na isa gida ban huce ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin ku da kuke zaton da intanet a aljihu aka haifi kowa.

Bari in fara gaya muku mene ne modem, tunda na lura rabinku ba ku taɓa ganin sa ba. Ɗan akwati ne da yake mayar da rubutun kwamfuta ya zama ƙara, ƙarar ta bi layin wayar tebur, wani akwatin a ɗaya ɓangaren ya sake mayar da ita rubutu. Layin da ake gaisawa da shi, shi ne dai layin da fayil zai bi. Idan kwamfuta tana kai, ba mai magana, in kuma wani abu ya shigo tsakani, komai ya tsaya. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin yake.

Aikin farko da na yi a sana'ar nan shi ne ɗaukar jaka. Karatun injiniya ya kawo ni Manchester, tallafin karatun ya tsaya a tsakiya, na shiga neman abin da zan riƙe kaina. Wani tsohon Bature mai suna Ken, da yake da ɗan shago a wani lungu bayan Oxford Road, shi ya ɗauke ni. Na daɗe a wurinsa bai bar ni na taɓa kwamfutar kowa ba. Ina biye da shi da jakar kaya: sukundireba, filaya, ɗamin wayoyi, kan wayar gwaji mai ƙugiyoyi biyu da ake maƙalawa a layi a saurara, da wani gwangwanin biskit da yake cike da faifan manhajoji. Idan ya buga modem, sai ya ce in rufe ido in saurari kukan da yake yi, in gaya masa ko layin zai riƙe. Da farko duk kukan iri ɗaya ne a kunnena, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Daga baya na koyi jin bambanci, har ina iya gane layin da ruwa ya shiga cikinsa tun kafin a duba.

Abin da ya fi ba ni haushi da Ken a lokacin shi ne shan shayi. Za mu shiga shagon mutum da aiki a gabanmu, maimakon ya buɗe jaka sai ya nemi kujera ya zauna, a kawo masa shayi, ya yi ta kallon mutane. Ni kuma ina tsaye raina a ɓace, ina ganin tsoho ya samu wurin hutawa. Wata rana na kasa haƙuri na yi magana. Ya ce da ni kada in kuskura in zaɓar wa mutum manhaja sai na ga wanda yake taɓa wayar gidan, da wanda yake kiran ta. Na ɗauka surutun tsufa ne. Ashe rabin sana'ar ke nan ya ba ni a kyauta.

Sauran rabin kuwa shi ne sanin manhajar kanta. Akwai wadda aikinta kawai ta buga lamba ta haɗa ka, daga nan ta naɗe hannu. Idan kana son tura fayil sai ka nemo wani ɗan shiri daban ka jingina mata, su biyun kuma ba sa sanin halin da juna suke ciki. Akwai kuma wadda tura fayil a cikin jikinta yake. Ita tana yanka fayil ƙanana ƙanana, ta aika, ta jira ɗaya ɓangaren ya ce ya karɓa. Idan layi ya yanke, ta sake bugawa da kanta, ta ɗora daga inda ta tsaya, kuma ba za ta taɓa ce maka an gama ba sai an gama ɗin. Irin wannan muke sa wa mutanenmu. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, baƙin allo ne da farin rubutu, shi ya sa muke kiran ta Tsohuwa. Amma duk tsawon zamana da ita ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Za ku ce ai wannan zamanin ya wuce tun kafin shekarun da gwamnatin ƙasar nan ta tsuke bakin aljihu. A gidajenku ya wuce. A ƙananan kemis, da gidajen kula da tsofaffi, da shagunan unguwa, modem yana nan yana kuka, domin lokacin da ya kamata a sauya shi ne aka ce babu kuɗin komai. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe ɗakunan karatu da wuraren zaman tsofaffi, wa zai tsaya sauya wa mai kemis kwamfuta? Manyan dillalan magani ma sun bar tsohon tsarinsu yadda yake, ƙananan kemis suna tura musu odar magani ta layin waya kowace rana da yamma, a kawo kaya washegari da safe. Mu ne muke riƙe da wannan igiyar, kuma ba wanda ya san da mu sai ranar da ta tsinke.

A cikin waɗannan shekarun Ken ya gaji ya sayar da shagon ga wani kamfani, aka haɗa da ni da gwangwanin biskit. Suka kawo mana manaja, wani matashi mai tsabtar hannu wanda bai taɓa durƙusawa a ƙarƙashin kantar kowa ba. Ni na sa masa suna Oga Rangwame, don duk maganar da za ka kawo masa sai ya tambaye ka ko akwai mai arha. Bai daɗe ba ya tara mu ya ce an daina biyan lasisin Tsohuwa, ya samo wata sabuwa. Ya haska mana ita a bango, ga launi, ga ɗan hoton waya yana rawa, ga wani koren layi da yake tafiya yana nuna yadda fayil yake shiga. Na tambaye shi, in layi ya yanke a tsakiya fa? Ya ce layi ba ya yankewa a wannan zamanin. Wallahi haka ya faɗa, a gaban mutanen da suka tsufa suna gyaran layin da ya yanke. Muka bi shago shago muna cire abin da yake aiki muna sa abin da yake da kyau.

Kemis ɗin Hajiya Binta a Lozells yake, a Birmingham, tsakanin wani mai sayar da kayan miya da mai aski. Ita mai haɗa magunguna ce, 'yar Katsina, ta daɗe a unguwar har tsofaffin wurin, baƙi da farare, sun san ta da suna. Ni nake zuwa mata daga Manchester idan wani abu ya taso, kuma da Tsohuwa abin bai cika tasowa ba. Ba a jima da sa mata sabuwar ba ta kira ni.

"Malam Isuhu, abin nan ya ce mini sent, wallahi da idona na gani. Yau delivery ya zo rabin kaya babu. Insulin ɗin wani dattijo babu, ga shi zaune a gabana."

Ranar ta rufe shago, ta hau bas tana bi kemis kemis tana roƙon a ara mata allurar ciwon sukarin, ita da ta yi shekaru ba ta taɓa cewa mara lafiya ya dawo gobe ba. Layin ya yanke ne fayil yana tsakiya, ita kuma manhajar Oga Rangwame ta ga an ajiye waya sai ta ɗauka an gama. Manhajar da ba ta iya aiki ba ana iya haƙuri da ita. Wadda za ta ce ta yi alhali ba ta yi ba, a wurin da ake maganar maganin mutane, wannan ba ta da uzuri.

Na hau jirgin ƙasa na tafi. Na maƙala wayar gwaji, layi tas, ba ruwa ba tsatsa. Na sauya wayoyi, na sauya modem ɗin kansa, na tura fayil na gwaji ya wuce lafiya. Da na rasa abin kamawa sai na yi abin da Ken ya koya mini, na ja kujera na ce a ba ni shayi. Ina zaune har lokacin tura oda ya yi. Hajiya ta danna, modem ya yi kukansa, koren layin ya fara tafiya. Ya kai wajen rabi sai na ji ƙit, komai ya tsaya. Kafin in buɗe baki na ga ta leƙa ɗan gilashin wayar teburin, fuskarta ta washe.

"Inna ce ta yi filashin," ta ce, ta ɗauki waya ta fara bugawa.

Na san ku 'yan yanzu kun manta filashin. Mutum a gida ba shi da kuɗin kiran ƙasar waje, sai ya buga ya bar ta ta yi ƙara ɗaya ya kashe, kai da kake waje ka gani ka kira shi. Layin Hajiya yana da tsarin nan da idan kana kan waya wani ya kira, za ka ji ɗan ƙit a kunne, gilashin kuma ya nuna an neme ka. Ɗan Adam yana jin ƙit ɗin ya ci gaba da magana. Modem kuwa yana ji sai ya rikice ya saki layi. Shekara da shekaru ashe haka ake yi a shagon nan, Tsohuwa tana jira a gama waya ta sake bugawa ta ɗora daga inda ta tsaya, ba wanda ya taɓa lura.

Na zauna ina jin su. "Inna ina wuni? Ina gajiya? Yaya ƙafar? An samu barci? Yaya mutan gidan?" Ita ma Inna ta jero nata, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi sanyi, ta tambayi ko ana cin abinci. Kun san gaisuwar uwa ba a yi mata gaggawa. Kafin su gama, lokacin karɓar oda ya kusa ƙurewa, sabuwar manhajar kuma dole ta faro tun daga farko.

Da ta ajiye na ce, "Hajiya, na ga matsalar. Akwai lambar da zan sa a kashe wannan ƙit ɗin duk lokacin da kwamfuta take kan layi."

Ta ce, "To Inna fa, in ta kira a lokacin?"

"Za ta ji layi a cike."

"Ni kuma zan ga ta kira?"

"Ba za ki gani ba."

Ta girgiza kai. Ta ce Inna tana ƙauye, kuma network ba ya kamawa a cikin gidan, sai ta dogara sanda ta fita har bakin rijiya. Ba ta da agogo, idan ta yi salla ta ji ƙafar ta yarda, sai ta fita. Wani lokaci kullum, wani lokaci sai an kwana biyu. Lambar shagon aka ɗaura mata a madanni ɗaya tun shekarun baya, an yi an yi a sauya mata zuwa ta hannu ta ƙi, ta ce waccan ce take samun 'yarta. Ga shi ma wayar hannu ba ta kamawa a ɗakin haɗa magani.

"Malam Isuhu, tsohuwa ta taka har can da ciwon ƙafa, ta ji busy? Za ta ce na ƙi ɗauka ne. Ni ba zan rufe wa uwata ƙofa saboda computer ba."

Kada ku ce mini a ja layi na biyu, na riga ku tunani. Tana da shi a da, ta yanke shi a shekarar da aka rage abin da ake biyan ƙananan kemis, shekarar da ta sallami mai taya ta aiki ta koma ita kaɗai a kanta. Kada kuma ku ce ta tura oda da wuri, domin takardun magani daga GP, wato likitan unguwa, har yamma suke shigowa, wanda ya zo a makare shi ma mutum ne. Maganin abin guda ɗaya ne, yana cikin gwangwanin biskit a jakata. Na fito da faifan na mayar mata da Tsohuwa. Washegari Inna ta yi filashin, suka yi gaisuwarsu a tsanake, suna ajiyewa Tsohuwa ta buga ta ƙarasa aikinta.

Ban ɓoye ba, da na koma Manchester na shiga ofishin Oga Rangwame na zayyana masa komai. Na ce ga mace guda, ga dalilinta, a biya mata lasisi ita kaɗai. Ya saurare ni yana murmushi irin na wanda ake ba wa labarin aljanu. Ya ce kamfani ba zai riƙe manhaja biyu saboda mahaifiyar wata ba, wannan matsalar iyali ce, ba ta fasaha ba. Na ce masa duk layin da na taɓa gyarawa a rayuwata na iyalin wani ne. Ya ce in je in cire, in kashe ƙit ɗin, in rufe maganar. Na ce ba da hannuna ba. Sai ya tura wani ya cire Tsohuwa, ya kulle kwamfutar yadda ba mai iya sa mata komai, ni kuma aka ba ni gargaɗi. Amma layin wayar na Hajiya ne, ba na kamfani ba, ta ce duk wanda ya taɓa mata shi za su haɗu.

Haka ta shiga wannan shekarar, muguwar shekara a wurinmu duka. Kullum da yamma sai ta tsaya a kan kwamfutar kamar mai gadin tukunya. In ya wuce, to. In Inna ta kira, ta yi gaisuwarta cikakkiya, ba ta taɓa rage ko "yaya ƙafar" ba, sannan ta faro daga farko, ta kuma buga wa dillalan ta tabbatar da bakinta cewa komai ya shiga. Ranar da lokaci ya ƙure mata, da safe za ka gan ta a tashar bas da jaka tana zagayen aron magani. Wasu masu zuwa wurinta suka gaji suka koma manyan shaguna. Kowane mako sai ta kai ƙara kamfani, kowane mako sai Oga Rangwame ya tura mata amsa ɗaya, wai ta kashe ƙit. Ni kuwa an hana ni zuwa Birmingham, wai kuɗin jirgi ya yi yawa. Na yi ta jin takaici, ina da maganin abu a jaka an ɗaure mini hannu.

Ana nan sai ƙarar ta daina zuwa. Mako ya wuce, wani ya bi, shiru. Oga Rangwame ya tara mu, ya haska kemis ɗin Lozells a bango a matsayin misali. Ya ce ga shi, matsalar da wasu suka so a kashe mata kuɗi ta warware da kanta, oda tana wucewa kullum ba yankewa, ba tare da kowa ya taka ƙafa ya je ba. Ya ce wannan ya nuna kamfani ba ya bukatar masu yawo da jaka kamar da. A taron nan aka karanta sunayen waɗanda za a sallama, nawa yana ciki. Ban yi mamakin sallamar ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na ɗauka Hajiya ta gaji ta sallama, ta kashe ƙit ɗin.

Da na miƙa musu kayansu, na sayi tikiti da kuɗina na tafi Lozells in yi mata sallama. Na tarar da ita a bayan kanta ta rame, wata mata 'yar unguwa tana riƙe da hannunta tana cewa Allah ya ba da haƙuri. Hajiya ta ɗago ta dube ni ta ce:

"Inna ta rasu, Malam Isuhu. Ban ma samu na je ba, ba wanda zan bar wa shago."

Na yi mata ta'aziyya, na ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ta amsa, ta sa aka kawo mini shayi, na zauna a kujerar nan tawa ta da. Na kasa tambayar abin da yake raina, ita ta faɗa da kanta.

"Ban kashe ƙit ɗin ba, ka sani. Ana gobe za ta kwanta ciwon ma ta fita ta kira, ina tsakiyar order. Na buga mata, muka gaisa sosai. Washegari ban samu delivery ba, amma ta same ni."

Lokacin oda ya yi muna zaune. Ta juya ta danna, modem ya yi kukansa, koren layin Oga Rangwame ya kama hanya. Na ga idonta ba ya kan kwamfutar, yana kan ɗan gilashin wayar. Layin ya wuce rabi, ya ci gaba, ya tafi sumul har ƙarshe, ɗan hoton wayar ya yi rawarsa ya ce an gama.

Ta goge ido da gefen mayafinta ta ce, "Ka gani ko? Yanzu kullum haka yake wucewa."

Wannan shi ne abin da aka haska a bango a Manchester aka ce matsala ta warware.